Karena yana tone mini lambu: yaya zan haɗa kiwonsa da shukar kayan miya a gida ɗaya?

Malam Na-Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lambu da waɗanda suka san kiwon kare, domin abubuwan biyu sun haɗe mini a gida ɗaya, kuma ɗaya yana neman ya kashe ɗaya.

Ina zaune a bayan garin Zariya, a wata sabuwar unguwa wadda har yanzu gidajenta ba su haɗe ba. Bayan ɗakunanmu akwai ɗan fili mai tsawon taku goma sha biyu da faɗin taku bakwai, wanda shekara uku ke nan na raba shi komaye shida ina shuka kayan miya. Da damina nakan sa kuɓewa da rama da yakuwa, idan hunturu ya shigo kuma in dasa tumatir da attaruhu da albasa da ɗan latas, alayyafo kuwa ba ya yankewa duk shekara tunda cikin mako uku zuwa huɗu ake fara tsinkarsa. Akwai kuma zogale biyu a jikin katanga. Ba sayarwa nake yi ba, amma tun da na fara, uwargida ta daina aiken yara kasuwa sayen ganye, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai ɗaukar albashi a wannan lokaci.

Bara, bayan an haura mana katanga sau biyu da dare an ɗauke mana akuya da injin jan ruwa, na karɓo ɗan kwikwiyo irin namu na gida a hannun wani mafarauci. Yara suka sa masa suna Duna. Yanzu watansa goma, kuma tun da ya fara haushi babu wanda ya sake taɓa mana ko tsinke. Duk tsawon hunturu bai kula lambun ba, sai da bazara ta kama a watan Maris ya sauya hali. Da na gama ban-ruwa da safe na tafi aiki, sai ya shiga komin alayyafo ya tone rami ya kwanta a ciki, in dawo in tarar da tsiron duk a tumɓuke. Sau uku ina sake yayyafa iri. Akwai gindin tumatir biyu a bakin hanya da yake yi wa fitsari, ganyensu na ƙasa ya ƙone. Abin da ya fi damuna shi ne yakan yi kashi a tsakanin komayen, alhali latas da tumatir ɗanye muke cinsu.

Wani maƙwabcina ya ce in bar kashin a wurin, ai taki ne kamar na awaki. Wani kuma ya ce in barbaɗa garin barkono a bakin komayen, ko in fesa fiya-fiya, warinsa zai kore shi kuma ya kashe ƙwari a lokaci guda. Ban yi ko ɗaya ba tukuna, domin zuciyata ba ta kwanta da su ba. Na taɓa dukansa sau ɗaya, abin da na samu kawai shi ne ya yi kwana biyu yana gudu na, sannan ya koma tononsa. Ba na so in rabu da karen, ba kuma na so in bar lambun. Me ya kamata in yi?

Baba Mai Komi, daga Kura, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni na tsufa a noman rani, kuma ban taɓa zama a gona ba tare da kare ba, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: bai taɓa lambun ba sai da zafi ya shigo. Karenka ba ɓarna yake nema ba, sanyi yake nema. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, sai kuma ya manna cikinsa a ƙasa mai laima. A watan Maris da Afrilu, idan tsakar gidanka siminti ce ko busasshiyar ƙasa, to a duk faɗin gidan babu wuri mai sanyi sai wanda ka zuba wa ruwa da hannunka. Kai kana ganin komin alayyafo, shi kuwa shimfiɗa yake gani. Idan ka dawo da yamma ka dake shi a kan ramin da ya tona tun da hantsi, ba zai taɓa gane laifinsa ba.

Saboda haka kafin ka hana shi wancan wuri, ka ba shi nasa. Ka nemi inuwar da ba ta gushewa da rana tsaka, ko gindin bishiya ko jikin katangar da rana ba ta duka, idan babu ka kafa 'yar rumfa da zana. Ka zuba yashi kamar baro uku ko huɗu, kuma duk safiya idan za ka yi ban-ruwa ka fara watsa bokiti ɗaya a kan yashin nan. Ka ajiye masa kaskon ruwan sha a gefe, wanda ba zai iya kifarwa ba. A kwanakin farko ka binne masa ƙashi a cikin yashin yana kallo, don ya san nan ne aka yarda ya tona.

Bayan haka sai shinge, domin lambun da ba shi da shinge na kowa ne, yau kare gobe kaji jibi akuya. Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Mu karan dawa muke kafawa mu ɗaure shi da igiya a sama da ƙasa, ya kai ƙirjin mutum. Amma kare ba kamar akuya ba ne, ta ƙasa yake shiga. Ka haƙa ɗan rami mai zurfin taƙi ɗaya ka binne gindin karan, sannan ka jera duwatsu ko fasassun bulo a jikinsa ta waje. Idan kana da hali, ragar waya irin ta kejin kaji ta fi ƙarko, tunda kara gara ce ke cinye shi, da kyar yake wuce shekara. Ka yi ƙofa mai sakata, ka kuma gargaɗi yara, don yawanci ta ƙofar da aka bari a buɗe ake shiga.

Sai ka duba takin da kake zubawa. Idan ɗanyen kashin kaji ne, ko kana binne ragowar kicin mai ƙashin kifi da jini, warin nan yana kiran kare daga nesa. Ka tara taki a rami ka rufe, ka riƙa yayyafa masa ruwa kana juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, sannan ka kai shi komi. Shukar ma ta fi son haka, domin ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Fitsarin nan kuwa gishiri da sinadarin da ke cikinsa ne suka yi wa tumatirin yawa a wuri ɗaya, kamar yadda yuriya ke ƙona shuka idan aka cika ta a gindi. Ka kwarara wa gindin ruwa mai yawa na kwana biyu ko uku, idan saiwar ba ta mutu ba za su farfaɗo.

Abu Sadik ya amsa:

Malam Na-Samaru, ni a ganina maganar ba ta kai a yi ta doguwa ba. Karen gadi aikinsa da dare ne, don haka ka saya masa sarƙa ka ɗaure shi daga asuba har bayan sallar isha'i, sannan ka sake shi idan kowa ya shiga ɗaki. Haka muke yi a gidanmu shekara da shekaru, kuma an ce karen da ba ya ganin mutane da rana ya fi zafi da dare. Wannan ya fi araha a kan shinge, kuma baƙi da almajirai za su shigo gidanka hankali kwance. Barkonon ma na taɓa gwadawa a kan kaji, ya ɗan yi aiki.

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi ya amsa:

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya kafin ka bi shawarar maƙwabtanka. Baba ya gama magana a kan tono da shinge, ba ni da abin ƙarawa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kashin da maganin feshin, domin tono asarar iri ce kawai, waɗannan biyun kuwa suna iya taɓa lafiyar iyalinka.

Kashin kare ba taki ba ne, kuma kada a kwatanta shi da na awaki ko na shanu. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu, suna samunta tun suna cikin uwa ko ta nono. Ƙwan wannan tsutsa yana fita a cikin kashi, ido ba ya ganinsa, kuma yana da kauri ƙwarai, har yakan yi shekaru a cikin ƙasa mai laima bai mutu ba. Idan yaro ya yi wasa da ƙasar ya kai hannu baki, ko aka ci latas da ba a wanke sosai ba, ƙwan yakan ƙyanƙyashe a cikin jiki, tsutsar ta yi yawo zuwa hanta ko huhu, wani lokaci har ido. Akwai kuma wata tsutsar da ke huda fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta bar masa jan layi mai ƙaiƙayi. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne ƙwan tsutsar farko da ya fito yau ba ya kama mutum nan take, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna. Ke nan idan ana kwashe kashin kullum da shebur, ana binne shi a rami mai zurfi nesa da lambu da rijiya ko a zuba a masai, an toshe babbar hanyar cutar. Inda ya riga ya yi kashi a cikin komi, ka kwashe har da ƙasar saman wurin, kuma a bana ka sa abin da ake dafawa a nan, kamar kuɓewa ko rama, ka mayar da latas cikin buhuna ko tsofaffin bokitai da sabuwar ƙasa. Shi kuma Duna a ba shi maganin tsutsa duk bayan wata uku, gwargwadon nauyinsa.

Fiya-fiya kuwa ina roƙonka ka nisanta shi da lambun da karen gaba ɗaya. Guba ce mai shiga ta fata da numfashi, kuma ba a yi ta don ganyen da za a tsinka gobe a sa a miya ba. Na sha ganin karnukan da aka kawo suna dalalar da miyau, jiki yana rawa, saboda an shafa musu ita wai don kashe kaska, kuma ba duka ake cetowa ba. Haka ma maganin ɓera, wanda masu lambu ke ajiyewa a lungu: kare yakan ci shi kai tsaye ko ya ci ɓeran da ya mutu. Idan ƙananan ƙwari ne suka dame ka, ka daka ganye ko 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana ɗaya, ka tace ka sa ɗan sabulu ka fesa da yamma. Barkono ba zai kashe kare ba, amma yana ƙona masa ido da hanci, kuma ban-ruwa ɗaya ya wanke shi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba wanda ya kamata ka sani tunda kana shuka albasa. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu. Albasa ɗaya matsakaiciya tana iya illata karen da nauyinsa ya kai kilo 20, kuma alamar ba ta fitowa ranar, sai bayan 'yan kwanaki a ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Ganyen tumatir da ɗanyun 'ya'yansa ma suna ɓata masa ciki idan ya ci da yawa. Karas da dafaffiyar kabewa kuwa ba su da laifi. Idan akwai zurma da ta fito da kanta a bayan gida, ka cire ta, 'ya'yanta guba ne ga kare da yaro.

Game da shawarar ɗan'uwa Abu Sadik, ina girmama ta amma ban goyi bayanta ba. Karen da ke yini a sarƙa yakan zama mai cizo, kuma wanda karen ya fi cizo shi ne yaron gida ko na maƙwabta da ya matso kusa, ba ɓarawo ba. A bazara kuma idan inuwa ta gushe ta bar shi a rana, zafi yana iya kashe shi cikin sa'o'i kaɗan. Sannan idan aka sake shi da dare, lambun yana nan ba shinge. Ɗaurewa na ɗan lokaci idan an yi baƙi daidai ne, ko a killace masa wuri mai faɗi da inuwa.

Ba ka ambaci allurar haukan kare ba. Ana fara yinta ne yana da wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta a nan gida. Kai da ke Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Idan kare ya ciji wani, ko da na gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar.

Maman Yara, daga Jos, ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam, mu karnuka biyu gare mu, kuma ina shuka kabeji da karas da latas a bayan gida. Abin da zan ƙara ta ɓangaren cikin gida ne, don a hannun uwargida da yara rabin aikin yake.

Kare yana da lokacin kashinsa, yawanci jim kaɗan bayan ya ci abinci da kuma idan ya tashi daga barci. Muddin ana watsa masa ragowar tuwo a kowane lokaci, ba za ka san lokacin ba. Mu sau biyu muke ba su, safe da yamma, kuma da sun gama babban ɗana yake jan su zuwa lungu ɗaya da muka ware. Duk wanda ya yi a wurin sai a shafa kansa a ba shi ɗan abu. Bai kai wata ɗaya ba suka riƙe. Kare mai wata goma kuma ƙarfi ne ke cinsa, idan ba a fita da shi ya zagaya ya gaji ba, dole ya sauke shi a kan wani abu.

Maganar albasa ta sa na gyara wani abu tun da daɗewa: nakan ɗebar musu tuwo ko shinkafa da romon ƙashi kafin in haɗa miya, maimakon in juye musu kwanon da aka ci aka rage. Ganyen da za a ci ɗanye kuwa, ko da kare ko babu, ina ware shi ɗaya bayan ɗaya in wanke da ruwa mai tsabta sau uku, kuma yaran sun san ba a fitowa daga lambu a zauna cin abinci sai an wanke hannu da sabulu.

Ɗalibi daga Maraɗi ya amsa:

Assalamu alaikum. Na ga babu wanda ya taɓo ɓangaren addini, kuma na san wasu masu karatu yana ransu. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba, ana rage masa lada kowace rana. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaskiya, irin wadda Malam ya bayyana. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, ana dai wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai don bin umarni, amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne, wanda wannan ma dalili ne na raba shi da wurin sallah da wurin abinci. Wanda ya ajiye dabba kuma, cinta da shanta da inuwarta suna wuyansa, kuma mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Don ƙarin bayani Malam ya tuntuɓi malamin unguwarsu.

Malam Na-Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna, yau kwana goma sha takwas ke nan.

Baba, maganarka ta tabbata. Na zuba yashi a gindin darbejiyar da ke ƙofar gida ta ciki, ina jiƙa shi kowace safiya, kuma tun kafin in gama shingen ya koma can da kansa, yanzu ramin da ya tona a wurin ya kusa shanye shi idan ya kwanta. Karan dawa ya yi wuya a wannan lokaci, don haka na sayi ragar waya na kewaye komaye huɗu, sauran biyun na tare su da tsohuwar zana kafin ƙarshen wata. Sau ɗaya ya shiga, ranar da ƙaramar 'yata ta bar ƙofa a buɗe. Alayyafon da na yayyafa karo na huɗu ya fito, jibi nake sa ran fara tsinka. Daga cikin tumatir biyun nan ɗaya ya farfaɗo, ɗayan na cire shi.

Likita, na kai shi an yi masa allurar haukan kare an ba ni kati, an kuma ba shi maganin tsutsa, kuma abin da ya fita daga cikinsa washegari ya sa na kwashe ƙasar saman komaye biyu gaba ɗaya. Latas ɗin da ke wurin na tumɓuke shi na zubar. Maman Yara, uwargida ta karanta saƙonki ta ce in miƙa gaisuwa, ta fara ware masa abincinsa kafin ta sa albasa. Horon kashin ne har yanzu bai zauna ba: da safe yana zuwa lungun da muka ware, da dare kuwa idan aka sake shi yana yi inda ya ga dama, sai dai ina bi da shebur bayan sallar asuba.

Saura tambaya ɗaya. Damina ta ƙarato, kuma na fara ganin kaska a kunnuwansa da tsakanin yatsunsa. Tunda an hana ni fiya-fiya, wane magani ne zan nema wanda ba zai cutar da shi ba, kuma idan an yi masa wanka da shi, ina ya kamata in zubar da ruwan don kada ya gangara cikin komayen?